Kifin Argungu Da Sulhun Da Muka Fara Mantawa

Duk wanda ya ji an ambaci Argungu, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kifi. Dubban mutane a bakin ruwan Matan Fada, kowa riƙe da gora da homa, ana jira a buga bindiga a afka ruwa, can kuma sai ka ga an ciciɓo wani ƙaton giwan ruwa an ɗora a sikeli. A bikin 2020 kifin da ya ciyo na ɗaya nauyinsa kilo 78 ne, mai shi kuma ya tafi gida da kuɗi da mota da kujerar Makka. Wannan shi ne abin da talabijin ke nuna mana, shi ne kuma abin da ake hira a kai a majalisa. Amma ka tari matasanmu a Birnin Kebbi ko a Argungun kanta, ka tambaye su dalilin da ya sa aka fara wannan biki, da wuya ka sami wanda zai ba ka amsa gamsasshiya. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bikin nan shaidar sulhu ce tsakanin mutanen da suka shafe kusan shekara 100 suna kashe juna, kuma ina tsoron mun riƙe kifin mun saki sulhun.

Bari mu ɗan koma baya, domin wanda bai san inda aka fito ba, ba zai san inda aka dosa ba. Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, bayan ya yi wa Askiya na Songhai tawaye, ya gina birninsa a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, a nan kuma jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya same ta. A 1805 rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da jama'arsa. A cikin wannan shekarar dai aka gwabza a Alwasa, inda jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawan gaske. Wato tun daga farko jini ya zuba ta kowane ɓangare.

Kabawa ba su sallama ba. An kashe Hodi a 1826, an kashe Sama'ila Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato ya zauna shekaru a hannun Sarkin Musulmi. A 1849 Nabame ya ɗaga tutar tawaye ya zauna a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. Shi ma a fagen fama ya rasu a 1854. Ɗan'uwansa Yusufu Mainasara ya gaje shi, aka kashe shi a 1859. Shekara guda bayan haka, a 1860, Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a yaƙi da Kabawa. Mai karatu ya lura, sunayen sarakuna kawai tarihi ya riƙe mana. Talakan da aka ƙone wa rumbu, da matar da aka kama a bakin rafi aka sayar, da manomin da ba ya iya yin nisa da ganuwa domin ya shuka shinkafa a fadama, duk waɗannan babu wanda ya rubuta sunayensu, alhali su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu.

An taɓa gwada sulhu. A zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wajen 1867, aka ƙulla zaman lafiyar da har yau ake kira Lafiyar Toga, inda Sakkwato da Gwandu suka amince Kabawa su ci gashin kansu. Kusan shekara takwas aka samu ana noma ana fatauci. Daga nan saɓani ya tashi a kan wanda garin Fanna zai bi, aka koma gidan jiya. A zamanin Sama'ila ɗan Nabame, wanda ya hau a 1883, yaƙin ya ƙara ƙamari, har Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo wa Argungu hari da kansa a farkon shekarun 1890, bai kuwa yi nasara ba. Haka aka ci gaba har Turawan Ingila suka zo, Sama'ila ya karɓe su, suka ci Sakkwato a 1903. Turawa ne suka hana yaƙin da ƙarfin bindiga. Amma hana yaƙi daban, cire gaba daga zuciya daban. Sun ma ƙara wani abu a kai: a 1906 suka mayar da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, wato tsohon birnin Kabawa. Har yau Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi yake zaune, Sarkin Kabi kuma yana Argungu. A riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa.

Sai a 1934, shekara 31 bayan an ajiye makami, aka yi abin da Lafiyar Toga ta kasa yi. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taso takanas daga Sakkwato ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyarar zumunci a Argungu. Ku dubi girman lamarin. Jikan Shehu, magajin waɗanda suka sha kawo wa garin nan yaƙi, ya shigo ta ƙofar gari a matsayin baƙo. Kabawa kuma, maimakon su nuna masa dawaki da masu, sai suka nuna masa sana'arsu ta gado, wato su. Kamun kifi na gayya da al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa sun daɗe a ƙasar Kabi tun kafin wannan rana, amma daga wannan ziyara ne aka samo bikin da duniya ta sani a yau, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Yanzu zan ɗauki mai karatu zuwa wata ƙasa mai nisa, domin wani lokaci sai ka ga abin maƙwabci kake gane darajar naka. Turawan Ingilar nan da suka mulke mu, su ma suna da tasu gabar ta gado a bayan gidansu, tsakaninsu da mutanen tsibirin Ayilan. Ingila ta yi ɗaruruwan shekaru tana danne Ayilan, ta ƙwace filaye ta ba wa baƙin da ta kawo daga Ingila da Sikotilan, waɗanda 'yan Furotesta ne, alhali 'yan ƙasa Katolika ne. A yunwar da aka yi daga 1845 zuwa 1852 mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira, kuma mutanen Ayilan ba su taɓa yafe wa gwamnatin Landan sakacin da ta yi a lokacin ba. An yi bore a Dublin a 1916, aka yi yaƙin neman 'yanci daga 1919 zuwa 1921, a ƙarshe aka raba tsibirin biyu: kudu ta sami mulkin kai a 1922, gundumomi shida na arewa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya.

A waɗannan gundumomi shida ne wuta ta sake tashi daga ƙarshen shekarun 1960, tsakanin ƙungiyar IRA mai neman haɗe tsibirin, da ƙungiyoyin 'yan Furotesta masu son zama da Birtaniya, da kuma sojan Birtaniya. Fiye da mutum 3,500 suka hallaka cikin shekara 30. A watan Janairun 1972 sojan Birtaniya suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a birnin Derry, mutum 13 suka mutu nan take. A 1979 kuma IRA ta dasa bam a jirgin ruwan Lord Mountbatten, kawun mijin Sarauniya, ta kashe shi. Kamar dai Mainasara da Haliru, kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna.

Ranar 10 ga Afrilun 1998 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Belfast, bayan doguwar tattaunawa ƙarƙashin jagorancin Sanata George Mitchell na Amurka, tare da Tony Blair na Birtaniya da Bertie Ahern na Ayilan. Ko wata biyar ba a yi ba wasu da suka ƙi sulhun suka tayar da bam a garin Omagh, mutum 29 suka mutu. Da a ce takarda kaɗai aka dogara da ita, da an yi irin ta Lafiyar Toga. Amma sai aka ci gaba da ɗora abubuwa a kan takardar. IRA ta lalata makamanta a 2005. A 2007 Ian Paisley da Martin McGuinness, waɗanda a da ko ga maciji ba sa yi, suka kafa gwamnati tare. A 2010, bayan rahoton bincike ya tabbatar da cewa mutanen da aka harbe a Derry ba su da laifi, Firayim Minista David Cameron ya miƙe a majalisa ya nemi gafara da sunan gwamnati.

Sai kuma aka zo kan ziyara. A watan Mayun 2011 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sauka a Dublin bisa gayyatar Shugaba Mary McAleese. Rabon da wani mai sarautar Ingila ya taka wannan birni tun kakanta George na Biyar a 1911, shekara 100 cif. Ta je dandalin tunawa da waɗanda suka mutu wajen yaƙar masarautarta, ta ajiye furanni ta sunkuyar da kai. Ta je filin wasa na Croke Park, inda dakarun Birtaniya suka harbe mutum 14 ana tsakar wasa a 1920. A wajen liyafa ta buɗe jawabinta da harshen mutanen Ayilan. A shekarar da ta biyo, 2012, ta yi musafaha da Martin McGuinness, tsohon kwamanda a ƙungiyar da ta kashe kawun mijinta. Ko shakka babu, wannan ita ce ziyarar Hassan ɗan Mu'azu ta mutanen can, sai dai namu ya riga nasu da shekara 77.

Idan aka jera labaran nan biyu, ni abu uku nake gani a ciki.

Na farko, a duk biyun babba ne ya taka zuwa gidan wanda yake ganin an cuce shi. Sarkin Musulmi bai aika a kira Sarkin Kabi ya zo Sakkwato ya yi gaisuwa ba, shi ya tashi ya je. Sarauniya ma haka. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma babu wanda girmansa ya ragu a cikinsu. Mu a yau abin da muka ƙware a kai shi ne kiran taron sulhu a babban otal, kowa ya zo da tawagarsa, a ci a sha a ɗauki hoto, babu wanda ya taka ƙauyen da aka ƙone ya zauna a tabarmar masu makoki.

Na biyu, kuma wannan ya fi ɗaci, ba a jira sai kowa ya sami duk abin da ya rasa ba. Na ce a riƙe batun Birnin Kebbi. Birnin bai koma hannun zuriyar Kanta ba, kuma Gwandu ba ta sami dawwamammiyar mubaya'ar Argungu da ta yi shekaru tana nema da takobi ba. A Ayilan ma gundumomi shidan nan har yau suna cikin Birtaniya. Abin da yarjejeniyar 1998 ta yi shi ne ta ce makomarsu tana hannun mafi rinjayen mazauna wurin ta hanyar ƙuri'a, kuma duk wanda aka haifa a can yana da damar ya kira kansa ɗan Ayilan, ko ɗan Birtaniya, ko duka biyu. Kowa ya haɗiye wani abu mai ɗaci. Wanda ya ce ba zai yi sulhu ba sai an mayar da komai yadda yake a zamanin kakansa, to jikokinsa yake yi wa tanadin kabari.

Na uku, an samar da wani abu da za a riƙa yi tare. Lafiyar Toga ta tsakanin sarakuna ce da manzanninsu, shi ya sa da gari ɗaya ya jawo saɓani ta watse. Sulhun 1934 kuwa ya sauko bakin ruwa, inda Bakabe da Bafulatani da Ba'are da Bazabarme za su tsaya kafaɗa da kafaɗa suna ihu saboda kifi. Wannan hikima ce da muke da ita tun da can. Dubi wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi: mutanen da suka taɓa fuskantar juna da makami, yau tsokana ce da raha a tsakaninsu.

Ta wannan fuskar ma mun fi mutanen Ayilan sa'a. A Belfast har yanzu akwai katangu masu tsawo da suka raba unguwannin Katolika da na Furotesta, kuma mafi yawan yaransu makarantu daban-daban suke zuwa. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, wadda aka kaɗa ƙuri'a a kanta a 2016, ta sake tayar da maganar kan iyaka, har gwamnatin haɗin gwiwar ta yi shekara biyu a rushe kafin a farfaɗo da ita a 2024, Michelle O'Neill ta jam'iyyar Sinn Fein ta zama shugabarta. Mu kuwa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu babu katanga. Alƙibla ɗaya muke fuskanta, harshe ɗaya muke yi, an yi auratayya an cakuɗe, jiha ɗaya muke, fadamar shinkafa ɗaya muke nomawa, idan ambaliya ta zo kuma ba ta tambayar asalin mai gona. Motar haya tana bi ta Ambursa da Alwasa kullum, fasinja na gyangyaɗi, bai ma san a kan tsohon fagen fama yake tafiya ba.

To a nan ne wasu za su ce mini, Malam, tun da an manta ai shi ke nan, a bar kaza cikin gashinta, me ya kawo tonon silili? Ina ganin girman wannan magana, domin masu yin ta zaman lafiya suke so. Amma ina da ja a kanta. Tarihin da dattawa suka ƙi faɗa wa yara, wani zai faɗa musu, kuma rabi zai faɗa. Duk mai shiga Facebook da TikTok a 'yan shekarun nan ya ga yadda wasu ke ta hura wutar raba Hausa da Fulani, suna ɗauko yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suna haɗa su da ta'asar 'yan bindigar daji ta yau. Wannan ya kawo labarin garin da aka ƙone wa kakanninsa, wancan ya kawo nasa. Yaron da bai taɓa jin sunan Karari a gida ko a makaranta ba, ranar da ya fara jin sa daga bakin mai neman fitina, zai ɗauka an ɓoye masa gaskiya ne, kuma daga ranar ba zai sake yarda da dattawa ba. Da a ce ya san labarin tun daga Alwasa har zuwa Matan Fada, da ya san cewa waɗanda aka kashe wa iyaye da kakanni su da kansu ne suka shimfiɗa wa Sarkin Musulmi tabarma. Wa ya fi su haƙƙin riƙe gaba? Su kuwa suka ajiye ta.

Kuma wannan ba lokacin wasa da wuta ba ne. Mun ga abin da ya faru a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, inda rikicin manomi da makiyayi ya rikiɗe, 'yan bindiga suka far wa ƙauyuka, 'yan sa-kai suka far wa rugage, mai laifi da marar laifi duk aka haɗa. A jiharmu ma, a watan Nuwamban 2024 'yan Lakurawa sun kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu, suka kashe mutum 15. Masu irin wannan aiki ba abin da suke so kamar su tarar da jama'a a rabe, kowa na zargin ɗan'uwansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ga 'yar shawarata, ga masu martaba sarakunanmu da gwamnati da malaman makaranta. Duk shekarar da za a yi bikin Argungu, kafin a buga bindigar shiga ruwa, a sami wanda zai tsaya ya karanta wa jama'a da Hausa dalilin taruwarsu, a ambaci yaƙin a ambaci sulhun, a yi addu'a ga mamatan ɓangarorin biyu da sunayensu, Karari da Nabame da Mainasara, da Haliru da waɗanda suka kwanta a Alwasa. Duk Musulmi ne, duk sun riga mu gidan gaskiya, hisabinsu yana wurin Allah. A daina barin bikin yana mutuwa kamar yadda aka yi bayan 2009, inda sai 2020 aka sake yin sa. Yaron da aka haifa a tsakanin ya kai shekara goma bai taɓa gani ba. A riƙa ɗaukar ɗaliban Birnin Kebbi da Gwandu ana kai su Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, su ga makamai da kaburburan sarakunan Kabi, a kuma ɗauki na Argungu a kai su hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu, su ji irin ilminsa da littattafan da ya bari. Marubutanmu kuma, da muke ta zuba labaran soyayya, ga labari nan a ƙofar gida: ɗan sarki da ya yi zaman shekaru a hannun waɗanda suka kashe mahaifinsa, da Sarkin Musulmin da ya zo baƙunci garin da magabatansa suka sha kawo wa yaƙi. Wa zai rubuta mana shi da adalci, ba tare da ya mayar da wani ɓangare mala'iku wani shaiɗanu ba?

Abu na ƙarshe shi ne ga shugabannin yau. Rikicin da ke cin Arewa yanzu, ko ba jima ko ba daɗe, zai kai ranar da za a zauna. Masu laifi dole shari'a ta yi aikinta a kansu, wannan babu ja. Amma bayan su akwai dubban talakawa, Hausawa da Fulani, da za su ci gaba da zama a gefen juna, suna cin kasuwa ɗaya suna shan rijiya ɗaya. A ranar za a buƙaci wanda zai yi irin ta Hassan ɗan Mu'azu ya taka da ƙafarsa, da wanda zai yi irin ta Muhammadu Sama ya buɗe ƙofa. Ba sai mun je Dublin neman misali ba, yana nan a bakin Matan Fada.

Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, Ya gafarta musu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara, musamman dattawanmu na Argungu da Gwandu, ƙofa a buɗe take. Wassalam.